Na Mutanen Dungas Ne

Duk ƙasar Sule Tankarkar, tun daga bakin iyaka har ka gangaro Gumel, in aka ce Sajo na Kalgon Biri ba a tambayar wane Sajo. Shi ne wanda agana ta kama yana ɗan shekara bakwai, ta kwashe yara goma sha ɗaya a rugarsu, shi kuwa ta yi masa zane a fuska ta wuce. Shekarar fara yana nan. Sanƙarau ya zo ya ɗauke matarsa ta fari, shi ma ya kwantar da shi kwana tara, rana ta goma ya tashi ya ce a dama masa fura. Farin alif ɗari tara da saba'in da uku kuwa, wanda ya mai da masu garke masu sanda kawai, ya ci masa shanu arba'in ya bar masa biyu, amma bai ci masa iri ba. Tulu uku na irin gero ya toshe da toka ya binne a tsakar ɗakinsa, ya shimfiɗa buzu a kai ya zauna. Gidan aka yi ta cin anza da dusa, haƙarƙarin kowa ya fito, bai tone ba. Da ruwa ya dawo a shekarar da ta biyo, rabin Kalgon Biri daga tulunan nan suka yi shuka. To in mutum irin wannan ya buɗe baki ya faɗi kansa, ƙarya ya yi?

Kuma yana faɗi. Yakan yi alfahari da haƙoransa, da rijiyar da ya haƙa shi kaɗai, da jakinsa da ya fi na kowa taurin kai. Abu ɗaya ne tak ba a taɓa jin Sajo ya yi alfahari da shi ba: Ƙasimu.

Ƙasimu ɗan farinsa ne, wanda ya samu bayan furfura ta fara yi masa sallama, daga matarsa Yelwa. Kowa kuwa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajen mutanen kirki. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka ce naka ne ba. In an tambaye ka sai ka jingina shi ga kakanninsa. Yelwa mutuniyar Dungas ce, can tsallaken iyaka cikin Nijar, kuma da cikin ya tsufa can aka kai ta goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari. Can ta haihu, ta yi wankanta, aka maido ta da jariri bayan arba'in. Tun daga ranar, in Sajo zai kira shi sai ya ce, “Kai wannan.” In baƙo ya ce ɗan waye, sai ya kau da kai ya ce, “Na mutanen Dungas ne.”

Wannan kunyar ce ma ta kai yaron boko. Shekarar da dagaci ya zo kamun yara, masu wayo suka ɓoye nasu cikin rumbu, wasu suka bi dagaci da kaji suna roƙo. Sajo ina zai iya zuwa ya tsaya gaban jama'a ya ce a sakar masa ɗansa? Ya yi shiru, aka tafi da shi. Yaro kuma ya tarar da karatu kamar an ajiye masa. Daga firamare ya wuce sakandare, daga can ya ƙara gaba, har daminar saba'in da huɗu takarda ta zo cewa jami'a ta Zariya ta ɗauke shi karatun aikin gona.

Sai dai takardar ɗauka ba ta ciyar da mutum. Gidan da ya rage da saniya biyu ba shi da abin riƙe ɗan jami'a shekara uku. Abin da ake jira shi ne abin da 'yan boko ke kira sukolashif: gwamnati ta ɗauki nauyin ɗalibi, karatunsa da cinsa da littattafansa. Bana ma an ce an ƙara gurabe na masu aikin gona da likitan dabbobi saboda abin da fari ya yi. Sharaɗi guda ne, ya zama ɗan jiha, kuma uba ya zo da bakinsa ya shaida. Kwamitin zai zauna Gumel ran Litinin, ya zauna Maigatari ran Alhamis, Jumma'a a wuce da sunaye Kano.

Ran Litinin Sajo ya sa babbar rigarsa ta saƙi, suka shiga motar kasuwa. A Gumel suka tarar da samari jere a barandar ofis, kowa da ubansa. Shugaban kwamitin, wani dattijo Alhaji Gambo, an ce ya tafi ta'aziyya, sai sakatarensa ke ganin mutane. Sunansa Malam Bilya, saurayi ne siriri mai tabarau, da biro uku a aljihun gaba, baƙi da shuɗi da ja.

Da aka kira su, Malam Bilya ya duba takardun Ƙasimu yana gyaɗa kai.

“Aikin gona. Madalla. Ai irinku ake nema.” Ya ɗago ya dubi Sajo ta saman tabarau yana murmushi. “Ku yi karatu ku dawo ku koya wa tsofaffin nan noma. Da sun iya, da ba a yi yunwar bara ba.”

Ƙasimu ya rufe ido, don ya san abin da ke tafe.

“Me ka ce?” in ji Sajo.

“A'a Baba, wasa nake.”

“Wasa? Miƙo hannunka in gani. Miƙo mana! Kai jama'a, ku leƙo ku ga hannu kamar na amarya. Wannan hannun ya taɓa riƙe hauya? Ka san gero daga shibra in sun tsiro? Yunwar bara kake faɗi, kai a ina ta same ka? A ƙarƙashin fanka, kana cin burodi! Ni Sajo wata goma sha ɗaya na kwana bisa tulu uku na iri, hanjina na kuka, ban tone ba. Irin da motarku ta kawo mana daga baya ya tsiro ya yi tsawon mutum ya ƙi fidda kai. Nawa kwana saba'in yake nuna. Je ka Kalgon Biri ka tambayi ko akuya!”

Iyayen da ke baranda suka cika taga. Wani ya ce, “Gaya masa, Sajo!” Aka fashe da dariya. Masinjan ofis ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Malam Bilya ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa dai sun yi zafi, kowa ya gani. Ya gyara takarda, ya zaro baƙin biro, ya yi magana a hankali.

“To Baba, an ji. Saura shaida. Wannan da ke tsaye, ɗanka ne?”

Nan fa bakin da ya cika ofis ya mutu. Sajo ya dubi taga, ga idanu kamar ashirin. Ya dubi silin. Ya ce abin da ya saba faɗi shekara ashirin da biyu.

“Na mutanen Dungas ne.”

“Dungas ta Nijar?”

“Akwai wata ne?”

“Can aka haife shi?”

“Can.”

“Wato ba ka ce naka ne ba.”

“Ni dai na gaya maka na su wane ne.”

Ƙasimu ya matso da sauri. “Yallaɓai, don Allah. Ni ɗan fari ne, kunya yake ji. Goyon ciki aka kai mahaifiyata, kwana arba'in kawai na yi can. Ga takardar dagaci, ga ta firamare…”

“Ni abin da kunnena ya ji shi hannuna ke rubutawa,” in ji Malam Bilya. Ya mai da baƙin biro aljihu, ya zaro jan, ya ɗora a kan sunan ya ja layi tun daga wannan gefe har wancan. “Tsofaffi sun fi mu sani, ai yanzu aka gaya mini. Na gaba!”

Kada wani ya ce wai bai san al'ada ba. Bahaushe ne, uwa ce ta haife shi, kuma ko rantsuwa aka yi ba za a yi kaffara ba cewa a gidansu ma akwai wanda ba a kiran sunansa. Ya sani sarai. An kunyata shi gaban masinja ne, ya duba ya ga inda tsoho ba ya iya kare kansa, ya soka a nan. Wannan ba aikin jahilci ba ne, aikin ɗan iska ne mai takarda.

A mota Sajo ya yi ta faɗa, tun daga tashar Gumel har suka sauka. Ya zagi tabarau, ya zagi biro, ya zagi wanda ya fara kawo tebur ƙasar Hausa. Ƙasimu kuwa hanya kawai yake kallo. Sai da suka kama hanyar ƙafa, gero ya rufe su hagu da dama har ba a hango kowa, sannan ya tsaya.

“Baba.”

“Kai wannan, yi tafiya, rana na yi.”

“Ba zan yi ba sai na faɗi. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin sunana a bakinka ba, ban kuma taɓa damuwa ba, na san ba ƙi ba ne. Na ji ka kira sunan jakinka a kasuwa ka yi masa kirari. Ban damu ba. Yau ɗaya na buƙata. Yau ɗaya, Baba!”

“Ni kake ɗaga wa murya?”

“Ka yi haƙuri. Amma kalma biyu ce. Ka faɗi tulu, ka faɗi toka, ka faɗi akuya, kalma biyu ta gagare ka.”

“A gaban mutane? In tsaya kamar wani marar asali in ce… Ubana har ya mutu bai kira yayana da suna ba, kuma yayana bai fasa zama mutum ba!”

“Yayanka bai nemi sukolashif ba.”

Ya wuce gaba ya bar tsoho tsaye da sanda. Tun da aka haife shi bai taɓa shiga gaban ubansa a hanya ba sai ran nan.

Talata Ƙasimu ya ɗauki hauya ya tafi gona tun da sassafe, bai dawo ba sai la'asar. Laraba ma haka. Takardar jami'a da ya saba ajiyewa cikin littafi, Sajo ya gan ta ninke a kan katanga, an danne da dutse kamar ganyen da ake shanya. Ya ɗauke ya sa a aljihu yana ƙunƙuni. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sake ba da labarin yadda ya wanke ɗan tabarau a ofis. Suna dariya, amma in ya kai ƙarshen labarin sai dariyar ta tsaya, don labarin jan biro ya riga shi isowa gari.

Laraba da hantsi Yelwa tana sussuka a tsakar gida, ta yi magana ba ta ɗago ba.

“Malam, na aika Dungas.”

“Kin aika me?”

“Na aika wa Yaya Ilu. Gobe dama yana kawo awaki Maigatari. Na ce ya shiga wajen mutanen nan ya gaya musu yaron ba nasu ba ne.”

Sajo ya miƙe tsaye. Ilu yayan Yelwa ne, shi ya ba da aurenta bayan rasuwar ubansu, surukin da Sajo ko tuwo ba ya ci a gabansa.

“Kin tona mini asiri har tsallaken iyaka! Yanzu a ce Sajo ya kasa, sai an ɗauko masa suruki daga Nijar ta Faransa?”

“To ya za a yi? Ni uwa ce, ko wuƙa aka sa mini ba zan iya faɗi ba. Kai kuwa bakin nan naka babu abin da bai faɗa ba a duniya, na ɗauka wannan ma zai iya.” Ta ɗaga taɓarya ta sauke. “Tunda bai iya ba, sai a nemi mai iyawa.”

“Ni ne ban iya ba?”

“Ni dai ban ce ba.”

Ya fita ya banko ƙyauren kara har ya faɗi.

Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce, ranar da ake cewa in ka jefa allura sama ba za ta faɗo ƙasa ba. Bana kara ba ta cika kamar da ba, fari ya rage dabbobi, amma mutane sun cika: Buzaye da raƙuma, 'yan kanwa, dillalai, direbobi. Kwamitin ya zauna a wani aji na makarantar firamare da ke bayan kasuwa. Kafin Sajo da Ƙasimu su iso, Ilu na nan zaune a kan bencin yara, rawaninsa fari, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Sajo ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa. Dillalan da suka ji cewa Sajo na Kalgon Biri zai sake karawa da ɗan tabarau kuwa sun bar cinikinsu sun zo sun toshe tagogi.

Alhaji Gambo ya dawo, yana zaune a tsakiya, Malam Bilya a gefensa. Dattijo ne mai ƙiba, mai yawan murza carbi. Ƙasimu ya yi bayani tun daga farko. Alhajin ya saurara, ya yi ɗan murmushi.

“Ɗan fari. To ai wannan ba abin a kai ruwa rana ba ne. Malam Bilya, ashe ba ka gane ba?”

“Ranka ya daɗe, na gane abin da aka gaya mini. Na tambaya sau uku gaban shaidu. Ga shi a rubuce.”

Ilu ya yi gyaran murya. “Alhaji, ni ne kawun yaron. Mu goyon ciki muka yi, kamar yadda kowa ke yi. Ran arba'in ni da kaina na rako su har Kalgon Biri, da tukunyar wanka da komai. Ba mu da shi, sai dai zumunci.”

“Ka ji,” in ji Alhaji Gambo.

“Na ji, ranka ya daɗe. Kawun nan mutumin Nijar ne, ya kuma tabbatar can aka haife shi. In na kai Kano da shaidar mutumin wata ƙasa, ni za a tambaya. Ƙa'ida ta ce bakin uba. Bakin uba ne ya cire shi, bakin uba ne zai mai da shi. Ya faɗi sunan yaron, ya ce nasa ne, in rubuta. Ai ba wuya.” Ya dubi Sajo. “Ga wanda ya kwana bisa tulu wata goma sha ɗaya.”

Wani a taga ya ce, “Kai, yaron nan ba shi da kirki.”

Alhaji Gambo ya murza carbi, ya dubi takarda, ya dubi agogo. Irin mutanen nan ne da ba sa son ɓata wa kowa, shi ya sa ba sa gyara komai. Ya ce, “To Malam Sajo, ka ji. Hannuna a ɗaure yake. Azahar muke tashi.”

Ajin ya yi tsit, har ana jin kukan raƙuma daga kara. Sajo na tsaye da sandarsa. A dama ga surukinsa. A taga ga rabin mutanen da ya sani a duniya, waɗanda za su kai labari Gagarawa da Gumel da Dungas kafin magariba. Da an ce ya shiga rijiya gaba dubu ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki, ya sake rufewa.

Ilu ya dafa benci zai tashi. “Bari in fita in ba ka wuri.”

Ƙasimu ma ya tattara takardunsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, “Bari kawai, Baba. Mu tafi. Gona na nan.” Ba da fushi ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ran tsohon. Ya ga yaron ya ninke takardar dagaci gida huɗu, kamar yadda ya ninke waccan ya danne da dutse. Ya ga Malam Bilya ya fara mai da murfin biro.

“Zauna, Yaya,” in ji Sajo. “Zauna ka ji da kunnenka, kada a kai maka a bakin kasuwa.”

Ya taka har gaban tebur ya buga sanda a ƙasa.

“Kai mai tabarau, buɗe kunnenka. Ƙasimu!”

Yaron ya zabura kamar an harbe shi.

“Ƙasimu ɗana ne. Ƙasimu ɗan Sajo ɗan Buba, na Kalgon Biri, ƙasar Sule Tankarkar. Ni na haife shi! Ni na kai ragon sunansa Dungas a kafaɗa, kwana biyu a ƙasa, don jaki ya gurgunce. Rubuta! Me kake kallo? Yana ɗan shekara biyar ya bi ni kiwo ƙaya ta shige masa ƙafa ta fito ta sama, bai yi kuka ba, ni na koma bayan kalgo na yi. Rubuta wannan ma! Ya tafi makarantarku da riga ɗaya ya kayar da 'ya'yan alƙalai da 'ya'yan hakimai, shekara goma sha huɗu ba wanda ya shiga gabansa. Duk takardar da ya kawo ina da ita cikin gafaka, ban iya karantawa ba amma na san ta farko daga ta ƙarshe. Bara da muke cin anza, ya zo hutu ya ga inda na binne tulu, ya san wurin, yunwa na kayar da shi in ya miƙe, bai taɓa ce mini Baba tone ba. Kai da kai ne da tuni ka dafa! Ƙasimu! Ƙasimu! Sau nawa kake so? Ka tambaya sau uku, ga uku, ga ƙari!”

Kumfa ta taru a gefen bakinsa. Ilu ya ja rawani ya rufe fuska har ido. A taga ba wanda ya yi dariya.

“Yanzu ciro jan nan,” in ji Sajo. “Ba baƙin ba, jan! Da wanda ka kashe da shi za ka tayar.”

Malam Bilya ya dubi Alhaji Gambo. Alhajin ya daina murza carbi. “Rubuta masa,” ya ce. “Da jan.”

Malam Bilya ya rubuta. Sajo ya sa Ƙasimu ya leƙa ya karanta masa da ƙarfi, ya sa Alhajin ya buga hatimi a kai, sannan ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Bai gai da kowa ba, bai iya duban inda Ilu yake ba. Bai shiga kasuwa ba ma, ta bayan gari ya zaga ya kama hanyar gida a ƙasa, rana tsaka.

Kada a ɗauka ya huce. Kafin sati ya zagayo labari ya gama ƙasar, kuma mutanen da suka yi tsit a taga su ne suka fi kowa baki daga baya. In ya wuce majalisa sai wani ya ce, “Sajo, ina wannan? Au, na manta, yanzu yana da suna.” Tsofaffin mata suka ce zamani ya lalace tunda har Sajo ya yi tsirara a kasuwa. Ya yi sati uku bai je Maigatari ba, shi da bai taɓa fashin Alhamis ba ko a shekarar sanƙarau. In aka taɓo zancen sai ya tashi da faɗa: a ce wai sai mutum ya tuɓe mutuncinsa ya shimfiɗa a kan tebur kafin a ba ɗan talaka abin da ya ci da kansa! Da takardar sukolashif ta iso daga Kano, masu murna suka cika gida, shi yana bayan rumbu yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

Ranar tafiya gero ya riga ya nuna. Sajo ya ɗora akwatin ƙarfe a kan jaki ya raka shi Gagarawa Tasha, inda zai hau jirgin Nguru zuwa Kano, daga can ya wuce Zariya. Duk tsawon hanya zancen jaki yake yi. Sai da jirgi ya tsaya, Ƙasimu ya shiga ya sami wuri bakin taga, sannan tsohon ya laluba aljihu ya ciro wani ƙulli cikin tsumma ya cusa masa.

“Kai wannan. Iri ne, na cikin tulu. Ka kai wa malaman naku su shuka kusa da nasu, su ƙirga kwana. Ka ce na Sajo ne na Kalgon Biri. Kada ka bari su ce su suka gano shi.”

Ƙasimu ya riƙe ƙullin da hannu biyu. Jirgi ya yi kuka, ya motsa.

“To Baba,” ya ce, yana danne dariya, “in sun ce wa ya kawo fa, in ce wa?”

Sajo ya ɗaga sanda kamar zai kai masa ta taga.

“Su je su tambayi mai jan biro! Ai ya rubuta!”

Ya juya ya kama igiyar jaki. Jakin ya kafe ya ƙi tafiya, ya kuwa samu wanda zai sauke wa, ya yi ta zaginsa da sunansa har jirgin ya ɓace.